Farantin Bayan Birki

Ranka ya daɗe, tun da ka ce a cire maka wannan kwanon na bayan birki, ja benci ka zauna tukuna ka ji wani misali. An yi wani mai sayar da yadi, mutum mai kirki, sai dai Allah ya jarrabe shi da son gudu. Motarsa ɗaya ce tal. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake kai mahaifiyarsa asibiti wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, don tsohuwar ba ta yarda kowa ya tuƙa ta sai shi. Ran Lahadi kuwa sai ya kwashe shimfiɗu da tayar ajiya don motar ta rage nauyi, ya nufi wani tsohon filin jirgi da aka daina amfani da shi, inda masu irin ciwonsa suke tsere. Zagaye uku na farko ba mai kamo shi. A na huɗu sai birki ya ɗau zafi, ya yi laushi kamar an taka tuwo, wari ya cika mota, yana ji yana gani a wuce shi a kwana. Abin ya tsaya masa a rai. Ya kai wa bakanikensa kuka, shi kuwa gogan ya kwance taya, ya nuna masa wani farantin kwano da ke bayan faifan birki, ya ƙwanƙwasa shi da sifana. "Alhaji, ga ɓarawon. Shi ke tare iska. Wannan na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan me za mu yi da shi?" Ka san halinmu, duk abin da ba mu gane amfaninsa a mota ba sai mu ce na ƙasar sanyi ne. Nan take aka ɓalle faranti biyu na gaba aka wurga bayan gareji. Kuma wallahi abin ya yi aiki! Lahadin nan ya yi zagaye takwas birki na kamawa cak, ya zo na ɗaya, abokai suka ɗaga shi sama. Ya koma gida yana ganin ya fi wanda ya ƙera motar wayo.

Abin da bai sani ba, farantin nan ba ƙura da tsakuwa kaɗai yake tarewa ba. Dab da faifan, tazarar da ba ta fi yatsa biyu ba, akwai gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, an lulluɓe ta da roba cike da giris. Duk Lahadi faifai ya yi ja kamar garwashi, babu abin da ya shiga tsakani, robar tana gasuwa. Ta bushe, ta tsage, giris ya narke ya tsiyaye. Damina ta zo, ruwa da yashi suka samu ƙofa. Ya fara jin ƙwas-ƙwas a gaba in ya shiga rami, ya ce ai hanyoyin garin nan ne, wace mota ce ba ta kuka? Wata Alhamis da hantsi ya ɗauko tsohuwa, tana gidan gaba da carbinta, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, don in tana ciki ko arba'in ba ya kaiwa. Suna hawa wata 'yar gada, taya ta faɗa ƙaramin rami, sai ji ya yi ƙwal! Ƙafar dama ta karye ta shige ƙarƙashin mota. Ya murɗa sitiyari, sitiyari ya juya a banza. Ya taka birkin nan da ya sha yabo, ya kama kuwa, amma me birki zai riƙe a ƙafar da ta riga ta rabu da mota? Suka gangara kwalbati ta ɓangaren tsohuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ita ƙugunta ya karye, kuma likita ya ce da shekarunta da ciwonta, ta gama taka ƙasa.

Kwana uku yana yawo kamar wanda aka buga wa guduma, yana ta faɗa wa masu jaje cewa ko gudu ba ya yi. Da aka jawo motar, wani tsohon bakanike ya duƙa ya zaro guntun robar, ya murza ta a tafin hannu ta zama gari kamar gawayi. Ya leƙa bayan faifai, ya ɗago ya ce, "Wa ya cire farantin nan? In iska kake so, ai sai a huda shi ko a rage gefensa, a bar inda ya kare gaɓar." Mai yadin nan ya zauna daɓas a cikin baƙin mai, bakinsa a buɗe. Ashe ba rami ba ne, ba hanya ba ce, shi ne da hannunsa. Har yau shi ke ɗaukar tsohuwa a hannu ya sa ta a motar haya duk Litinin da Alhamis. Kullum sai ta shafa kansa ta ce, "Daina kuka, ɗan nan, ƙaddara ce. Kai da ko gudu ba ka yi da ni." Ya kasa buɗe baki ya gaya mata, kuma wannan maganar tata ta fi masa zagi ciwo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.