Fim Ɗin Da Ya Rage A Kyamara

"Hajiya, kyamarar nan ta mutu," in ji wani Bayerabe mai hoto a Funtuwa. "Amma da sauran fim a ciki."

Mijinta ne ya sayo kyamarar da araha, shekarar da auduga ta yi albarka. Wata biyu ta lalace, ita kuwa ta yi ta masa tsiya. Yanzu ya rasu, ba ta da hotonsa ko ɗaya.

"Wanke mini, ko na ga fuskarsa."

Da ta koma, hotuna goma sha biyu ne, duk nata. Tana shiƙar dawa, tana dariya, ba ta san ana ɗaukarta ba. A gefen kowanne, ga bakin yatsan mijinta ya shigo. Ta ɗora nata a kai, ta daɗe.