Gayyar Mai Kwance Bam

Inna, ajiye tankaɗen nan ki ji misalin da Malama ta ba mu yau, wallahi tun daga bakin makaranta nake maimaita shi kada ya zube mini a hanya!

Wai wani soja ne, aikinsa kwance bam. In an binne nakiya a hanya, shi ake kira. In kuma a gindin gada aka maƙala ta, can cikin ruwa, shi ɗin dai zai goya tulun iska a baya ya nutse, ya lalubo ta cikin laka da yatsunsa. Kuma kin san yadda suke yi? Kowa sai ya ja da baya can nesa, shi kaɗai zai taka a hankali ya je ya durƙusa gaban abin. Haka ya yi ta yi har furfura ta fito masa, aka sallame shi, ya koma garinsu da ƙafafunsa da yatsunsa ba abin da ya ragu. Kowa na ce masa ya auna arziki, ya rabu da aikin mutuwa. Shi ma yana cewa alhamdu lillahi. Amma da hantsi sai ki gan shi zaune a bakin rafi, ya ƙura wa ruwan da bai kai gwiwa ba ido, har inuwa ta gudu ta bar shi. Ba mai aiko masa, ba mai nemansa.

Sai ya ce bari ya kama noma. Gonar gado ce, ta daɗe a saura, ga faɗi, shi kuwa rabonsa da sungumi tun yana yaro. Da ruwan shuka ya sauka, mutanen gari suka tausaya masa suka haɗa masa gayya. To ita gayya yini ɗaya ce, gobe kowa tasa gonar zai nufa. Ga ƙasar wurin jigawa ce, yashi zalla, in rana ta shanye danshin shi ke nan, sai a jira wani ruwan, in ya ga dama ya zo. Abincin gidansa na shekara yana cikin wannan yinin. Matarsa ta dama fura cikin manyan ƙore, makaɗi ya saɓa gangar noma, masu sara suka jeru, masu zuba iri na biye suna binnewa da diddige. Aiki ya yi daɗi, ana ta shewa, ba a ko kai tsakiyar gona ba sai sungumin wani ya daki wani abu a ƙasa: ƙwal!

Ke Inna! Kafin mai sungumin ya sunkuya, soja ya daka tsawa: "Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya ɗaga ƙafa!" Ganga ta mutu. Ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa a kan sawun da ya shigo, ya tara su can gindin ɗorawa, ya ce ko tari kada a yi. Aka ce masa haba, wa zai binne bam a gonar da ko ɓarawo bai san hanyarta ba? Ko waiwaye bai yi ba. Ya koma a hankali, ya kwanta rub da ciki, ya fara share ƙasa da yatsu, kaɗan-kaɗan, yana hurewa da baki. Gefen wani abu zagayayye ya bayyana, duk tsatsa. Kuma kin ji abin tausayi, a nan ne fa ƙirjinsa ya buɗe. Ya ji shirun mutane a bayansa, ya ji idanunsu kamar an dafa masa kafaɗa, kowa ya riƙe numfashi yana jiransa shi kaɗai. Rana ta take, ta karkata, ƙasa tana yin fari tana bushewa, shi bai ma sani ba. Sai wajen la'asar ya gama zagaye abin ya ɗago shi. Tsohon kwanon samira ne a kife, gindinsa a huje, wanda wani manomi ya sha fura ya manta tun zamanin kakanni.

Ya miƙe ya ɗaga hannu sama. Haka yake yi a da in ya gama, sai abokansa su rugo da ihu su rungume shi, wani har ya zage shi don murna. To, rabin 'yan gayya sun riga sun sulale, sauran suna kishingiɗe sun ga bayan fura. Ba wanda ya motsa. Wani taubashinsa ne kawai ya ɗaga murya: "Soja, a kawo sabulu mu wanke bam ɗin, ko sai gwamnati ta zo ta gani?" Aka kwashe da dariya, kowa ya saɓa sunguminsa ya kama hanyar gida.

Shi kuwa ya zauna tsakiyar gonar da ba a gama shukawa ba, kwano a cinya, hawaye na bin gemunsa. Matarsa ta zo ta tsuguna tana ba shi haƙuri, ta ce Allah zai kawo wani ruwan, in gero ya wuce su sai su shuka wake. Ya gyaɗa mata kai. Ya kasa gaya mata cewa ba geron ne ya sa shi hawaye ba, ba kuma dariyar da aka yi masa ba. Lokacin da ya ga kwano ne, gabansa ya faɗi, don shi a ransa ya so a ce bam ne.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba.