Amincewata Kawai Suke Jira

Kwat ɗin aurena na saka, na nufi ofishin kulob ɗin hokin ƙanƙara na yaran garinmu. Tun da kocinmu ya koma Bratislava nake riƙon ƙwarya. Ko wasa ɗaya ba mu ci ba, amma ai laifin alƙalan wasa ne.

Vendelin, shugaban kulob, ya ce, "Radovan, mun zaɓi sabon koci. Amincewarka kawai muke jira."

Na gyara zama. "Na amince, ranka ya daɗe."

"Madalla. Matarka Zdenka ce, tsohuwar 'yar wasanmu. Ta ce sai ka yarda da girki da rainon tagwayenku."

Zdenka ta leƙo. "Ba ni usur ɗin, maigida. Dankali na jiranka."