Hankaki Biyu a Kan Gadar Ƙanƙara

Malama ta iso a makare, cunkoson motoci ya cinye mata rabin safiya. Ta tarar shugaban kamfanin ya gama yi wa masu gwaji bayani, har ya miƙe zai fita. Kunya ta hana ta cewa a maimaita mata. Ta zauna a kujerar da aka nuna mata, ta gyara ɗankwali, ta ɗora hedifon a kunne.

Ba don ta iya wasan kwamfuta aka ɗauke ta ba, ita da ko wayarta sai an saita mata. Ciwon da ta yi ne ya kawo ta. Tana koyarwa a firamare ta soma jin muryoyi, abu kamar wasa har ya kai ta kwanciya asibitin ƙwaƙwalwa. Shi kuwa ƙaramin kamfanin nan wasa yake haɗawa a kan irin wannan ciwo, yana son waɗanda suka ɗanɗana shi su faɗi inda aka dace da inda aka shirga ƙarya.

Tun kwanciyarta, 'yarta ɗaya tilo take hannun surukarta. Tsohuwar kuma ta yanke magana: in Malama ta kama aiki lafiya, kanta bai motsa ba, ranar Asabar yarinya ta koma ɗakin uwarta. Malama har ta wanke zanin ɗan gadon, ta sayo sabon buroshin haƙori mai ruwan hoda.

Wasan ya buɗe da fari fat. An ciro shi ne daga tatsuniyoyin mutanen can ƙuryar arewacin duniya, inda sanyi ba ya ragawa kowa. A ciki duniya ce ta zo ƙarshe, wani ƙaton kyarkeci ya haɗiye rana. Wata mata ta rungumi jaririyarta, za ta tsallake doguwar gadar ƙanƙara zuwa wata bishiya da ke tallafe da sama da ƙasa. Hankaki biyu na shawagi a kanta, su ne ciwon matar. Malama ce ke tafiyar da ita, da yatsun da suka fi sanin alli.

Da farko iska ce kawai ke kuka, sai ƙarar taku a kan ƙanƙara. Tana kaiwa tsakiyar gada, hankakan hagu ya sauko.

"Za ki yar da ita," in ji shi, a hankali, dab da kunnenta.

Na daman ya amsa da muryar mace, mai laushi kamar ta masu zuwa dubiya: "Ba laifinta ba ne. Hannunta ne ba ya riƙe abu."

Haka muryoyin ciwonta suke yi. Wallahi haka suke yi. Ba ihu, ba dariyar aljanun fim. Su yi hirarka a kanka kana ji, ɗaya ya sara, ɗaya ya shafa mai, kuma mai tausayin ya fi zafi. Ta sha ƙoƙarin fahimtar da maigidanta wannan, shi dai sai ya gyaɗa kai ya tambaye ta ko ta sha magani.

Ta saci kallon sauran masu gwajin. Dattijon da ke kusa da ita hamma yake zabgawa. Wata budurwa ta zame hedifon daga kunne ɗaya, tana ɓare alewa. Malama ta ji haushinsu, daga baya ta yi musu uzuri: ciwo iri iri ne, wataƙila nasu bai zo da magana ba.

Hankakin suka dame ta, suka ce ta tsaya, suka ce ta ajiye jaririyar ga wanda ya fi ta hankali. Hawaye na zuba a kan hannunta ta ci gaba da dannawa. Matar ta zame, ta miƙe, ta sake zamewa, amma ba ta saki ɗiyar ba, har ta dafa saiwar bishiyar.

Malama ta cire hedifon. Shiru, sai ƙugin fanka. Daɗin da ta ji ya kusa kayar da ita daga kujera. Yau ga muryoyi sun zo mata da dukkan dabararsu, ta bi ta tsakiyarsu ta wuce, ta kuma tuɓe su da hannunta ta ajiye a kan tebur. In ba warkewa ba, mene ne wannan?

Ta fita baranda ta kira surukarta. "Mama, aiki ya yi kyau. A haɗa mata kayanta, ni da kaina zan zo ɗaukarta." Can nesa ta jiyo yarinyar tana tambaya ko Umma ce.

Da za ta koma, ta bi ta gaban ɗakin ɗaukar murya. Mai haɗa sauti, wani siririn mutum da kowa ke kira Kunne, yana durƙushe yana kwance sababbin wayoyi daga kwali.

"Ƙanena, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Likitoci ma ba su gane abin nan kamar kai ba. Ita macen, mai cewa hannunta ba ya riƙe abu, ina ka samo ta? Ka ce mata ta sa ni kuka."

Kunne ya ɗago da murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi. Ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya miƙe a hankali, ya jawo mata kujera.

"Malama, ki ɗan zauna," ya ce. "Ai shugaba ya faɗa da safe, tafiyar kawai za ku gwada yau. Ba mu ɗauki muryar hankakin ba tukuna."