Tsakiyar Tafkin Mandera

Shekarar da damina ta yi rowa, gwamnati kuma ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, tafkin da ke gindin tudun marmara a bayan Mandera ya soma ja da baya. Kullum da safe Garba sai ya je bakinsa ya tsaya yana kallon yadda laka ke ƙara faɗi. Har tsokanarsa ake yi, wai ko kifi ya ba wa ajiya.

Tsoro yake ji, kuma a irin wannan shekara ba a tambayar mai iyali dalilin tsoro. Gida biyu yake ciyarwa, nasa da na ƙanensa Altine, wanda kowa ya ji a bakin Garba cewa ya hau motar Ikko a tashar Boɗinga shekarun baya, shiru har yau. Fadamar gadonsu ma shi kaɗai ke nomawa.

Da ruwan ya ƙafe ƙaf, sai ga masu awon ƙasa. Shugabansu, Malam Mukhtari, ya shimfiɗa tsohuwar taswirar zamanin Turawa, ya ce za a yanka cikin tafkin a raba wa masu lambu. Garba ya ɗora yatsa kan shuɗin da ke takardar.

"Ranka shi daɗe, ko Nasara sun shaida ruwan ga ba shi ƙahewa."

Mukhtari ya yi dariya kawai.

Daga nan Garba ya nace sai an ba shi tsakiya, inda laka ta fi tauri, wurin da ba mai so. "Don marayun ga nika roƙo," in ji shi, yana nufin 'ya'yan Altine. Ya yi ta zarya gidan maigari, har da rago, aka ba shi. Daso, matar Altine, ta durƙusa tana hawaye. "Allah shi saka da alheri, Yaya."

Ranar rabo, Mukhtari ya ce sai an kafa turken siminti a wuri mafi zurfi, daga nan awo zai tashi. Garba ya ce akwai iskoki a wurin. Da aka ƙi ji, ya ce to a bari ya haƙa da kansa. Ba a saurare shi ba, leburan masu awon dai har ya haƙa ya kai gwiwa, mutanen gari sun kewaye ramin, Daso na cikinsu.

Diga ta bugi dutse, a lakar da ko tsakuwa babu. Leburan ya sa hannu ya jawo ruɓaɓɓiyar igiya, kowa ya matso yana leƙe.

Garba bai leƙa ba. Dutsen niƙa ne, kuma ya san abin da ke ɗaya bakin igiyar, don da hannunsa ya ɗaura ta a ƙugun Altine.