Agogon da Ya Ƙona Fim

Baba bai ɗago daga kyamarar da yake gogewa ba. Auta, ƙaramar 'yarsa, ta tsaya bakin ɗakin wanke hoto na shagonsa. Saurayinta, mai ɗaukar hoton tsuntsaye, yana durƙushe.

"Kai ne agogonka na lamba ya kawo haske cikin ɗakin duhu, ya ƙone mini fim," in ji Baba. "Yanzu kuma 'yata kake so?"

"Ni ne, Baba."

"To, ina agogon mai fitilar?"

Saurayin ya miƙo hannu. Babu komai sai shatin madauri a fata.

"Na ba ƙanena. Agogon ne ke tashina da asuba in riski tsuntsaye, amma na haƙura."

"Ni zan riƙa tashinsa, Baba," Auta ta faɗa, kafin kunya ta rufe ta.

Baba ya harare ta, ya harare shi. Ana jin ƙas-ƙas ɗin tsohon agogon hannun Baba, irin mai murɗawa, wanda ko Mama ba ta isa ta taɓa ba. Can ya kwance shi, ya ɗaura wa saurayin.

"Wannan ba ya cin batir, kulawa yake ci. Ranar da ka manta da shi, zai tsaya. Ka fahimce ni?"

"Na fahimta, Baba."

Auta ta fizgi kyamara ta danna, tana dariya da hawaye. Haske ya gauraye shagon, wannan karon bai ƙona komai ba.