Kofur Yana Hutu

Magdalene na shanya dawa a ƙofar gida da hantsin wata Asabar, mijinta Haggai na zaune yana ɗaura wa fartanya ƙota, sai ga Kofur Francis, ɗan sanda, a kan babur. Ba kaki a jikinsa, ba hula. Rigar ƙwallo ce da silifas, kuma duk unguwa an san hutu ya zo Zuru, don a wani gari yake aiki.

"Haggai, tashi mu je ofis," in ji shi.

Magdalene ta miƙe. Ta san abin da ke ƙasa. Wata biyu ke nan Haggai na jayayya da surukin Kofur a kan iyakar gona a hanyar Mahuta.

"Yallaɓai, me ya yi? Wane ofis?"

Kafin Kofur ya buɗe baki, Baba Ebenezer, mahaifin Haggai, ya fito da sandarsa. Tsohon soja ne, shekara talatin yana sara wa na gaba da shi, kuma da wannan ya tarbiyyantar da gidansa: a bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya.

"Ke ɗiyata, rufe mini baki! A gidan soja ake yi wa hukuma tambaya? Haggai, bi shi. Mai gaskiya ba ya tsoron ofis."

Haggai ya ajiye fartanya ya hau bayan babur. Magdalene ta jawo zane za ta bi su, tsohon ya gitta mata sanda a bakin ƙofa. Haka ta tsaya tana kallo har suka sha kwana.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Baba na cewa bincike ake yi, a yi haƙuri. Ran Litinin haƙurinta ya ƙare, ta kama hanyar caji ofis ba ta gaya wa kowa ba. Ɗan sandan da ke kan kanta ya buɗe littafi, ya bi shi da yatsa sama da ƙasa. Babu sunan Haggai. Ba wanda ya kawo shi, ba wanda ya gan shi.

Wayyo! Ashe ba a ma kai shi ofis ba.

Wata 'yar majami'arsu ce ta kai ta wurin Barista Asama'u, lauya mai ɗan ofis kusa da kasuwa. Magdalene ba ta zauna ba ta jefa mata tambayar da ke cin ranta.

"Barista, don Allah, ɗan sanda da ke hutu yana da ikon ɗauke mutum daga gidansa?"

Barista ta sauko da littattafai biyu, na dokar tarayya da na jiha, ta buɗe a gabanta. Magdalene ta yi sakandare, tana iya karatu, sai dai Turancin doka ba na kowa ba ne. Layi-layi suka bi, lauyar na mayar mata da shi Hausa, ita kuma tana rubutawa a bayan takardar waƙoƙin majami'a.

"Hutu ba ya hana shi kama mai laifi," in ji Barista. "Amma dole ya faɗi dalili. Dole ya kai mutum caji ofis kai tsaye, a rubuta sunansa. Kuma rigimar iyakar gona ba ta kama mutum ba ce, ta kotu ce. Mi ya hana ɗayanku ya bi su?"

Magdalene ta sunkuyar da kai. Duk abin da ta tambaya a ƙofar gida, ashe haƙƙinta ne, yana nan a rubuce baƙi a kan fari tun kafin ranar.

Suka rubuta ƙara a ranar, amma an makara. Da Talata wasu mata masu itace suka tsinci Haggai a cikin kwazazzabo kusa da gonar da ake rigima a kanta, an yi masa dukan kawo wuƙa. Bai kai asibiti ba ya cika, ko kalma ɗaya bai iya faɗi ba.

Shi kuwa Kofur ya rantse cewa a bakin tasha ya sauke shi lafiya lau, bayan ya yi masa nasiha. Ba littafin da ya nuna an kama Haggai. Maƙwabtan da suka ga tafiyar, kowa ya ce shi yana bayan gida a lokacin, don su ma gidajen kaki ne, ba sa son bakinsu a kan ɗan uwan aiki. Barista ba ta yi mata ƙarya ba, ta ce za a yi iya ƙoƙari, amma shaidar ta yi ƙaranci. Har yau maganar na nan inda aka bar ta.

Bayan an share makoki, Baba Ebenezer ya kira ta ƙarƙashin ɗorawa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ɗiyata, karanta mini takardar nan taki."

Ta karanta. Dalili, caji ofis, suna a littafi. Ya ce ta sake, ta sake. Tsohon ya dubi sandarsa ya ce, "Ke kin yi tambaya. Ni na hana ki."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar shi da takardar a hannu, shi da ba ya ganin rubutu.

Jama'a, girmama hukuma bai hana tambaya ba. Duk wanda ya zo ɗaukar naku, da kaki ko babu, ku tambayi dalili, ku san inda za a kai shi, kuma ku bi bayansa har sai kun ga an rubuta sunansa. Dokar da aka karanta bayan an rufe kabari ba ta dawo da kowa.